Laimar kwaɗi: yadda ake gane irinta, tun daga daji har ɗakin gwajin DNA

Duk shekara da zarar ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta, sai wayata ta fara cika da hotuna. Wani ya ga abu fari ya fito a bayan gidansu a Yelwa nan Bauchi, wani ya tsinto a gona a hanyar Dass, ɗalibai masu furojet kuma sun ciko leda sun kawo, tambayar dai ɗaya ce: Malam wannan wace iri ce, ana ci? Kuma kusan kullum hoto ɗaya ne tak, an ɗauka daga sama, an tsinke abin a tsakiyar kara an baro gindin a ƙasa. To wallahi da irin wannan hoton ko wanda ya shekara talatin yana aikin nan ba abin da zai iya gaya maka. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ake yi tun daga farko, don abin yana damuna, musamman yadda yara ke ɗauka wai injin DNA zai gyara musu duk abin da suka ɓata a daji. Ba zai gyara ba.

Laimar kwaɗi muke cewa, wasu su ce naman kaza, wasu naman ƙasa. Abin da kake gani a sama ɗin nan kamar ɗan itace ne kawai, ainihin jikin halittar farin zare-zare ne da ke cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen itace, yana nan duk shekara, sai damina ta yi ya turo laimar don ta watsa ƙurar irinta. Masana sun ƙiyasta a 2017 cewa ire-iren fangas, wato halittun da laimar kwaɗi da fumfuna ke cikinsu, a duniya sun kai tsakanin miliyan 2.2 zuwa 3.8, amma waɗanda aka raɗa wa suna ba su wuce wajen 150,000 ba. Ka ga kenan ba abin mamaki ba ne ka tsinci abu a gindin dutse a Toro wanda babu shi a kowane littafi.

Kafin ka fita

Kwando ko kwali mai faɗi, wuƙa mai ƙarfi ko ƴar fartanya, tsohuwar jarida ko ambulan na takarda, rula, biro da littafi, sai waya mai caji. Leda kam manta da ita. Karon farko da na fita na zuba komai a baƙar leda na ɗaure a bayan mashin, kafin in iso gari da rana tsaka duk sun yi gumi sun narke sun haɗe da juna, aikin yini guda ya tafi a banza, har yau in na tuna wata ja mai kyau da ke ciki wadda ban sake ganin irinta ba sai raina ya ɓaci. Kowace iri a naɗe ta daban a takarda.

Ka fita da sassafe, kwana ɗaya zuwa uku bayan ruwa mai ƙarfi. In gonar wani ce ka yi sallama ka nemi izini, in kuma daji ne mai kariya kamar Yankari ko Lame-Burra to sai da takardar izini daga hukuma, ba a ɗaukar ko tsinke a can haka kawai. Ka sa takalmi mai rufi, gindin suri da ruɓaɓɓen kututture gidan maciji ne da kunama.

A wurin da ka same ta

Nan ne rabin aikin yake, kar ka yi gaggawa. Kafin ka taɓa ta ka ɗauki hoto yadda take a tsaye, ka durƙusa ka ɗauka daga gefe, ka ɗauki wurin gaba ɗaya. Sannan ka tambayi kanka: a kan me ta fito? Ƙasa ce, itace ne, kashin shanu ne, ko suri? Wace bishiya ce kusa? Wannan tambayar ta bishiya ba ta wasa ba ce, domin akwai manyan dangi irin su Amanita da Russula da Lactifluus da Cantharellus waɗanda zarensu ke manne da saiwar wasu bishiyoyi na musamman suna musayar abinci, a irin dajinmu kuwa doka da kawo su ne kan gaba. In ka rubuta "a gindin kawo" ka riga ka rage wa kanka hanya mai nisa.

Yanzu sai tono. Tono fa na ce, ba tsinka ba. Ka sa wuƙa nesa kaɗan da karan ka ɗago ta da ƙasarta, domin alamar da ta fi kowace muhimmanci tana ɓoye a gindi. Wata za ka ga gindin nata zaune cikin wata ƴar jaka kamar ɓawon ƙwai da ya fashe, wata gindin ya kumbura kamar albasa, wata kuma karan ya zarce ƙasa kamar doguwar saiwa.

Wannan ta ƙarshen wata dattijuwa ce ta fara nuna min ita a wani ƙauye a ƙasar Toro. Ta same ni ina ƙoƙarin cire wata babba mai ruwan toka a gefen suri, ta ce, "Ɗan nan, ba haka ake mata ba, kawo wuƙar." Na ce, "Ga ta Inna." Ta zauna a hankali tana yaye jar ƙasar da gefen wuƙa tana bin karan, tana bi tana bi har hannunta ya shige kusan gwiwar hannu, sai ga shi ta zaro wata siririyar saiwa mai tauri, ta ce, "Ka gani? Har ɗakin gara take zuwa. Wadda ba ta da wannan ni ba na kai ta tukunyata." Ta kuma ɗora yatsa a kan wani ɗan tsini mai tauri a tsakiyar hular ta ce da shi take huda ƙasa. Abin da ta nuna min shi ne daidai abin da littafi ke cewa kan dangin Termitomyces, sunan da masanin Faransa Roger Heim ya ba su a 1942. Gara ce ke noma su a cikin gidanta kamar yadda muke noma gero, kuma a cikinsu ne ake da Termitomyces titanicus da aka bayyana daga Zambiya a 1980, wadda hularta kan kai faɗin mita guda. Amma ka lura, akwai ƙaramar cikinsu, Termitomyces microcarpus, mai fitowa ɗaruruwa a kan ƙasar da gara ta turo waje, ita ba ta da doguwar saiwar.

Ka ɗebi uku zuwa biyar in akwai, ƙarama da matsakaiciya da wadda ta buɗe sosai. Ka ba ta lamba nan take, misali haruffan sunanka da 001, ka rubuta a ƴar takarda ka ajiye kusa da ita da rula ka sake hoto: sama, ƙarƙashin hula, gindi, sannan ka tsaga ɗaya biyu daga sama har ƙasa ka ɗauki cikin. Wannan lambar ita za ta bi samfurin har ƙarshen rayuwarsa. Kwanan wata, sunan ƙauye, da lambobin GPS daga wayarka, duk a littafi.

Abin da za ka rubuta tana ɗanya

Launi yana gudu in ta bushe, wari ma haka, don haka a ranar za ka yi wannan. Hula: faɗinta santimita nawa, siffarta kamar ƙwarya a kife ce ko shimfiɗe ko mazurari, tana da santsi ko ɓawo-ɓawo ko yauƙi. Ƙarƙashin hula: haƙarƙari ne jere kamar shafukan littafi, ko ƙananan ramuka kamar soso? In haƙarƙari ne, sun manne da kara, sun gangaro a jikinsa, ko sun tsaya ba su taɓa shi ba? Kara: tsawo, kauri, akwai zobe ko babu, zoben yana motsi in ka tura shi? Ka karya ka gani, na Russula yana karyewa ƙwas kamar alli, na Lactifluus kuma in ka yanki haƙarƙarin sai ka ga ruwa kamar madara yana tsattsafowa. Ka murza naman ka jira minti biyu, wata tana komawa ja, wata rawaya, wata shuɗi. Ka shinshina ka rubuta abin da hancinka ya ji da kalmominka, ko warin gari ne ko na kifi ko na magani. Ban da ɗanɗanawa.

Da ka dawo gida sai gwajin ƙurar iri, wanda ba ya cin ko sisi amma ɗalibai sun fi tsallake shi. Ka yanke hular wadda ta buɗe, ka kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ko a kan gilashi, ka rufe da kofi kar iska ta shiga, ka bar ta ta kwana. Da safe ka ɗaga a hankali za ka ga zanen haƙarƙarin ya fito da ƙura. Launin nan yana raba dangi da dangi: na Amanita fari, na Agaricus ruwan cakulan mai duhu, na Volvariella ruwan hoda mai ɗan ƙasa-ƙasa, na Termitomyces kirim mai ɗan hoda.

In kuwa ka ga kore, to ka kama Chlorophyllum molybdites. Ita ce babbar farar nan mai ɓawo-ɓawo a hula da zobe a kara da ke fitowa a filin ciyawa da harabar makarantu, wani lokaci a zagaye kamar an dasa. Tana da kyau a ido, ita ce kuma ke kwantar da mutane da amai da gudawa cikin awa ɗaya zuwa uku. Haɗarinta shi ne tana ƙarama haƙarƙarinta fari ne fes, sai ta tsufa yake komawa kore.

Bari in tsaya a nan kaɗan don maganar ta shafi rai. Zancen cewa in akuya ko tsutsa ta ci to mutum ma zai iya ci, ƙarya ne. Zancen cokali zai yi baƙi in akwai guba, ƙarya ne. Zancen a tafasa a zubar da ruwan, gubar wasu Amanita ko gezau ba ta yi da wuta. Amanita phalloides ta Turai, wadda ta fi kowace kashe mutane a duniya, ba ta nuna komai sai bayan awa 6 zuwa 24, mutum ya yi amai da zawo, ya ji kamar ya warke, alhali hantarsa na lalacewa a hankali. Mu ma dazukanmu na doka da kawo suna da nasu Amanita ɗin. Duk wadda ka gani da jaka a gindi da farin haƙarƙari da farar ƙura, hannunka ka wanke bayan ka gama aiki. Wanda ya ci wani abu ya fara jin ba daidai ba a tafi asibiti nan take da ragowar abin a takarda. Kuma wannan rubutun nawa na gano suna ne, ba lasisin ci ba ne.

Busarwa

A ranar dai. Zafin da ake so wajen digiri 40 zuwa 45, da iska mai wucewa. In ya yi yawa DNA ya dafu, in ya yi kaɗan fumfuna ta hau. A watan Agusta rana ba ta da tabbas a Bauchi, ga wutar Nefa yadda take, don haka ni abin da ya fi min shi ne: manya in yanka su falle-falle in shimfiɗa a kan raga nesa sama da garwashin da ya kusa mutuwa, yadda in ka sa bayan hannunka za ka ji ɗumi ne kawai, har su bushe ƙayau kamar biskit. Na DNA kuma daban nake cirewa tun tana ɗanya: in goge sabuwar reza da sifirit, in tsaga hular da hannu, in yanko ɗan tsoka daga ciki inda ƙasa da yatsa ba su taɓa ba, kamar girman ƙwayar shinkafa biyu, in jefa a ƴar roba mai murfi cike da silika, ƙwayoyin nan masu shan danshi irin na cikin kwalin sabon takalmi, amma a sayi masu launi a shagon kayan lab don ka san in sun ƙoshi. Reza ɗaya samfuri ɗaya.

Na taɓa yin sakaci a nan, na aika samfuri huɗu da ba su bushe sosai ba, bayan makonni da kuɗin da na tara da ƙyar sakamako ya dawo, biyu daga ciki Trichoderma ne, wato koren fumfunar da ta hau su aka karanta. Injin bai yi kuskure ba, abin da na ba shi ya karanta.

Madubin likita

Ka kankaro ƙurar da ta kwana a gilashi, ka ɗiga ruwan sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5, ka rufe da siririn gilashi ka duba da babban ido mai ninki 1000 da ɗigon mai. Ka auna aƙalla ƙwaya 20 zuwa 30, tsawo da faɗi a maikuromita, ka raba tsawon da faɗin ka samu lambar da ke nuna ko zagaye take ko doguwa. In sashenku na da ruwan Melzer, wani ruwan rini mai aidin, ka gwada, ƙurar wasu tana komawa shuɗi-baƙi, na Russula har za ka ga ƙayoyin jikinta sun fito raɗau. Da wannan da bayanan daji sai ka bi littafin tantancewa, yawanci za ka kai ga dangi, wani lokaci har iri. Ka nemi littattafan Afirka, na Turai za su ɓatar da kai. Masu bincike a Jami'ar Parakou ta Jamhuriyar Benin sun yi aiki sosai a kan laimar dazukan doka, dajin nasu kuwa ɗan uwan namu ne.

Ɗakin gwajin DNA

Wurin da ake karantawa ana ce masa ITS, wani ɗan yanki ne a tsakanin ƙwayoyin halittar ribozom, tsawonsa wajen haruffa 600 zuwa 700 a yawancinsu, kuma a 2012 ne masana suka amince ya zama shi ne lambar shaidar fangas. Dalili, yana bambanta tsakanin iri da iri amma gefunansa kusan ɗaya ne a kowa, don haka furaima iri ɗaya, wato guntayen DNA da ke manne wa gefunan su nuna inda za a kwafa, ke kama kusan duka.

Cire DNA da hanyar CTAB, wani sinadari mai aiki kamar sabulu, ya fi araha. A niƙa busasshen ɗan tsokan nan lukui, a zuba maikurolita 500 zuwa 600 na ruwan CTAB kashi 2, a ajiye a ruwan zafi digiri 65 na rabin awa zuwa awa guda. A ƙara kulorofom da aisoamil 24 bisa 1 daidai yawansa, a girgiza, a juya a santirifuj, injin da ke wulwula robobi da gudu, minti 10, sai ka ga ya rabu hawa-hawa, na saman kaɗai za ka tsotso, kar bakin fifet ɗin da kake tsotsa da shi ya taɓa farin dattin tsakiya. Aisofurofanol mai sanyi, a sa a firiza, a sake juyawa, sai ɗan farin abu ya kwanta a ƙasan robar wanda wani lokaci da ƙyar ido ke ganinsa. A wanke da itanol kashi 70, a bar shi ya sha iska, a narkar da ruwa mai tsabta. Kulorofom a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi ake buɗe shi, da safar hannu.

Sai PCR, injin nan da kowa ya ji sunansa lokacin korona, shi ke kwafar yankin ITS ɗin ya ninka shi har ya isa a karanta. Furaima biyun da aka fi amfani da su ITS1F ta 1993 da ITS4 ta 1990, ita ITS1F an yi ta ne don ta kama fangas ta ƙyale DNA ɗin tsiro. Zagaye 35: digiri 95 na daƙiƙa 30, wajen 55 na daƙiƙa 30, 72 na minti ɗaya. Lallai ka sa roba ɗaya da ruwa zalla a madadin DNA, in ita ma ta nuna layi a jel, wato daskararren abin da ake zuba sakamakon a ciki don a ga DNA ya fito, to akwai gurɓata, a zubar a sake. Ka tabbatar janareta na da mai kafin ka kunna. A jel ɗin agaros kashi 1 zuwa 1.5 layi ɗaya tak kake so, mai haske. In babu komai kar ka yanke ƙauna, ka tsinka DNA ɗin da ruwa ninki 10 ko 50 ka sake, musamman na Ganoderma da sauran masu tauri da duhu, abubuwan cikinsu ne ke shaƙe aikin. Daga nan a aika wurin karantawa ta hanyar Sanger, yawancinmu Ibadan muke aikawa, kuma ka biya a karanta ta gaba da ta baya duka.

Inda aka fi faɗawa rami

Sakamako zai zo da fayil mai ƙarshen ab1. Ka buɗe shi a manhaja irin Chromas ka kalli tsaunukan da idonka, ka yanke farko da ƙarshe inda suka cakuɗe, in ka ga tsauni biyu-biyu a kan juna tun daga farko to abu biyu aka karanta a haɗe. Ka haɗa na gaba da na baya su zama ɗaya, sannan ka liƙa a BLAST, manhajar da ke kwatanta naka da jerin haruffan DNA da ke rumbun intanet na GenBank.

Abin da yara ke yi shi ne su kwafi sunan da ya fito a layin farko su rubuta a furojet, shikenan. Wannan shi ne babban kuskuren. Kowa na iya ɗora jerin haruffa a GenBank da sunan da ya ga dama, wani bincike na 2006 ya ƙiyasta kusan kashi 20 na sunayen fangas a ciki ba daidai ba ne. Ka duba kashi nawa suka yi kama, ka duba kashi nawa na tsawon aka kwatanta, ka duba daga wace ƙasa samfurin ya fito da wanda ya ɗora shi, in da hali ka zaɓi a kwatanta da samfurin asali wanda a kansa aka raɗa sunan. Ka sake gwadawa a UNITE, rumbun da ake kula da shi daga Tartu ta ƙasar Istoniya, ya fi tsabta. Ana yawan cewa kashi 97 ya isa, amma a dangi da yawa iri biyu daban suna iya kama da juna fiye da 99, a nan sai an ƙara wasu wuraren kamar LSU ko tef1 ko rpb2, a zana bishiyar zumunta a manhajar MEGA a ga inda naka ya zauna.

Misalin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne Ganoderma lucidum. Duk jan abu mai sheƙi da ya fito a gindin maina ko mangwaro sai a rubuta masa wannan sunan, alhali ainihin mai sunan ta Turai ce, ko ta Sin da ake magani da ita a 2012 aka raba ta aka ce mata Ganoderma lingzhi. Namu na nan yawanci wasu ne daban.

Sannan ka dawo kan littafinka na daji. In BLAST ya ce Agaricus amma ƙurarka fara ce kuma akwai jaka a gindi, to an yi musayar roba a lab ko an gurɓata, ba laimar ce ta canza ba. Sai siffa da madubi da DNA sun yi magana ɗaya kake rubuta cikakken suna, kuma ka duba rumbun sunayen fangas na Index Fungorum ko MycoBank ka ga ko sunan na nan ko an canza shi. In dangi kaɗai ka tabbatar ka rubuta sunan dangin da sp. a gaba, in kana kyautata zato ka sa cf. a tsakiya. Ba gazawa ba ce, wadda Inna ta tono min har yau Termitomyces sp. ke rubuce a ambulan ɗinta.

Abu na ƙarshe, busasshen samfurin kar a yar bayan an ci jarrabawa. A sa shi a firiza mako guda don ƙwari su mutu, a zuba a ambulan da lambarsa da kwanan wata da wuri da sunan da mutanen ƙauyen ke kiranta da harshensu, a kai ɗakin adana busassun tsirrai na sashenku, sannan a ɗora jerin haruffan a GenBank da wannan lambar dai da sunan garin da aka samo ta. Hotunan kuma a sa a iNaturalist, shafin intanet na ɗora hotunan halittu. Duk farkon damina ka buɗe ambulan ɗin ka duba, in ka ga gari-gari a ƙasa to ƙwaro ya shiga, a mayar firiza a canza silika.